Yadda ɗan jami'a zai samu shiga binciken lahiyar jama'a a hutun damina, daga nan Damagaram

Ƙannena ƴan fakilte, assalamu alaikum. Duk shekara da an shiga watan shidda sai saƙonni su fara shigo mani, yaya don Allah ka san inda ake ɗaukar etudiyan istaj na bincike a bakans ɗin nan, yaya ka sa ni a hanya, kuma wallahi raina yana sosuwa in na karanta saboda wanda ya tambaya a watan shidda ya riga ya makara, lokacin da ya kamata ya motsa shi ne watan biyu zuwa na huɗu, tun ana cikin zafi kafin hadarin fari. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani gaba ɗaya, wanda ya karanta ya miƙa ma na kusa da shi.

Mu fara kawar da wani abu da yake cinye ma yara megas da lokaci. In ka shiga intanet ka nemi binciken hutu na ƴan jami'a, abin da zai fito maka galibi na Amurka ne da Turai, masu hoto mai kyau da kuɗin aljihu, amma ka karanta sharuɗɗan tukuna. Misali babban shirin nan na hukumar kimiyya ta Amurka da ake ce ma REU, ƴan ƙasar da masu takardar zaman dindindin kaɗai yake ɗauka, wasu kuma na Turai sai wanda yake da rajista a jami'ar can. Ban ce kar ka nema ba, in ka ga wanda ya buɗe ma ƴan Afirka kuma Ingilishinka ya kai, bismillah, amma kar ka ɗora hutunka duka a kansa. Abin da su suke kira hutun zafi, watan shidda zuwa na takwas, mu nan shi ne daminarmu, kuma damina ita ce lokacin da aikin lahiyar jama'a yake kan ganiyarsa a jihar nan. Sauro ya tashi, rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, tamowa ta ƙaru, zawo ya ƙaru, gadajen yara a asibitocin Magarya da Mirya sun cika. Abin da mutum yake neman biza don ya je ya koyo a aji, ga shi a ƙofar gidansu.

Kuma ba ƙaramin bincike aka yi a ƙasar nan ba. A Mirya ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya ma uwaye auna damtsen ƴaƴansu da kansu da wannan ɗan zaren awo mai launi uku, aka ga uwa tana iya gano tamowa kamar yadda rele, wato ɗan gari mai taimaka ma ma'aikatan lahiya, yake ganowa, yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki tsarin. A Madarunfa cibiyar Epicentre ta Maraɗi ta gwada rigakafin zawon rotabiris mai jure zafi, sakamakon ya fito a 2017. A jihar Doso aka yi ɓangaren Nijar na binciken MORDOR na ba yara azitromisin, wanda a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a garuruwan da aka ba maganin. Duk waɗannan, a ƙarƙashin manyan sunayen da ke kan takarda akwai ɗaruruwan matasa irinku da suka bi gida gida da fish da biro ko da tablet.

To abu na farko, kuma nan zan daɗe, shi ne tambaya. Kar ka tahi wajen kowa kana cewa ina son in yi bincike, kowa na so. Ka tahi da tambaya guda, ƴar ƙarama, wadda za a iya amsa ta cikin sati huɗu zuwa shidda da ƙafa da waya. Matsalar lahiyar yara a jihar Damagaram ba tambaya ba ce, wannan aikin ministan ne. Ga irin wadda nake nufi. Kun san CPS, maganin rigakafin palu da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, galibi daga watan bakwai zuwa na goma. Ranar farko mai rabo ne yake ba yaro ƙwayoyi biyu a gabansa, SP da amodiyakin, sannan ya bar ma uwa amodiyakin na rana ta biyu da ta uku ta ba shi da kanta. A rajista an rubuta yaro ya sha. Amma nawa ne daga cikin uwayen suke ba da na rana ta biyu da ta uku, kuma wadda ba ta ba da ba me ya hana ta, yaron ya yi amai ne ta tsorata, ta tahi gona ta manta, ta ajiye ne don ranar da jikinsa zai yi zafi, ko ta raba ma yayansa ɗan shekara shidda da ba ya cikin lissafi? Wannan tambaya ce. Tana da unguwa, tana da wata, tana da mutanen da za a tambaya, kuma majo, shugaban ƙaramin asibitin gari da ake ce ma CSI, zai so ya ji amsarta don aikinsa ne.

Irinta suna da yawa. Yara nawa ne suka samu allurar dussa ta farko ta wata 9 amma ba su koma ta biyu ba. Yaran da aka sa a CRENAS, wurin kula da masu tamowa mai tsanani ba tare da an kwantar da su ba, suna karɓar biskit na tamowa, nawa suke bacewa kafin a sallame su, kuma a wane sati suke bacewa, lokacin noman farko ne ko na biyu. Gidajen da aka ba sange, a daren jiya wa ya kwana a ciki. Mace mai ciki sau nawa take zuwa awo kuma sau nawa ta sha ƙwayar SP ta rigakafin palu a gaban sajfam. Sanƙarau ya taɓa jihar nan daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, mashaƙo kuma ya ɓulla ta wajen Matamai a 2023, mai son aikin rajista yana iya neman izini ya duba kwana nawa marar lahiya yake yi a gida kafin a kawo shi. Kuma wannan ba na ƴan medsin kaɗai ba ne fa. Ɗan jewografi da ya iya taswira zai nuna inda ruwa ke kwanciya a Kara-Kara ko Garin Malam da inda masassara ta fi yawa, ɗan sosiyoloji shi ya fi kowa iya zama da kaka ya ji dalilin da ya sa ake fara kai yaro wajen wanzami a cire beli, ɗan lissafi ko enformatik kuwa kowace ekip tana nemansa. Ƴan ENSP, makarantar ma'aikatan lahiya, ma haka.

Da ka samu tambayarka sai karatu, ba mai yawa ba. Ka shiga Google Scholar da PubMed ka nemo rubuce-rubuce biyar zuwa goma da suka taɓa abin, ka je laburaren fakilte ka buɗe tez da memuwar na waɗanda suka gabace ka don kar ka maimaita abin da aka yi bara. Ka tambayi mai laburare ko jami'a tana da mabuɗin Research4Life na karanta mujallun kimiyya a intanet, ƙasarmu tana cikin waɗanda ake ba su kyauta. A wannan lokacin kuma ka yi kwas ɗaya na ladubban bincike, The Global Health Network suna da shi kyauta har da Faransanci kuma suna ba da satifiket, shirin TDR na hukumar lahiya ta duniya ma yana da darussa da Faransanci. Kwana biyu zuwa uku ya ishe ka, kuma takardar nan tana sa a dube ka da wani ido in ka ajiye dosiye.

Mataki na gaba shi ne ubangida, wato malamin da zai tsaya maka. Ba a yin bincike a kan mutane ba tare da babba ba, ko da ka fi kowa ƙoƙari a aji. A Jami'ar André Salifou akwai fakilten kimiyyar lahiya, malamanta da yawa suna aiki a babban asibitin ƙasa na nan Zinder ko a cibiyar uwa da yaro, kuma kusan kowannensu yana da wani aiki da ya tsaya saboda ba mai tattara masa bayanai. Kar ka tare shi a bakin mota, kar ka tura masa saƙon murya da sha ɗayan dare. Ka bi ta sakatare ko ka jira bayan kur, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Malam ina da ƴar tambaya da na rubuta a shafi ɗaya, in kun samu sarari ku duba mani. Shafi ɗaya tak, tambayar, dalilin da ya sa ta dame ka, inda kake son yi, watannin da kake da su. In ya ce shi ma yana da nasa aikin ka zo ka taya shi, ka karɓa hannu bibbiyu ka ajiye taka zuwa baɗi, shekarar farko koyo ka zo yi. Yayyenku ƴan shekarar ƙarshe masu tez su ma ƙofa ce da ake rainawa, kullum suna neman wanda zai taya su cike fish, kuma a wurinsu za ka ga aikin daga farko har ranar sutnans.

Sauran ƙofofin kuwa, akwai DRSP, ofishin lahiya na jiha, da distirik ɗinta, Mirya, Magarya, Matamai, Dungas, Gure, Tanut, Takeita da sauransu, kowace tana da mai kula da alƙaluma da sa ido kan annoba, shi ne mai kula da rahotannin CSI cikin DHIS2, tsarin ordinater da ake tara alƙaluman lahiya a ciki, kuma zama kusa da mutumin nan wata ɗaya makaranta ce. Ka nemi distirik ɗin garinku, kana da wurin kwana da abinci, kana jin maganar mutane. Akwai ƙungiyoyin da ke aikin tamowa da palu, sukan ɗauki anketer da ma'aikatan wucin gadi in damina ta kama, sai dai a sani tun 2025 kuɗin agaji daga waje ya ragu sosai, guraben ba kamar da ba. A Yamai akwai CERMES mai aikin laboratuwar da annoba, da LASDEL mai binciken zamantakewa wadda ta yi rubutu da yawa kan yadda ake karɓar marasa lahiya a asibitocinmu, da INS, hukumar ƙididdiga, mai manyan anket na ƙasa irin na awon tamowa. Waɗannan ka rubuta masu da wuri ka haɗa da wasiƙar malaminka. Kuma don Allah, duk wanda ya turo sanarwa a WhatsApp ya ce a tura kuɗin dosiye ta waya kafin a ɗauke ka, ɓarawo ne, wurin gaskiya ba ya sayar da istaj.

Dosiyen kansa ba wuya, wasiƙar neman istaj da sunan shugaban wurin, CV shafi ɗaya ba ƙarya a ciki, takardar shaidar rajistar bana, wasiƙar fakilte, satifiket ɗin da ka yi. A CV ka rubuta harsunan da kake ji, Hausa, Barbarci, Fillanci, Tamajak, Tubanci, wannan ba abin kunya ba ne, a Gure ko Tanut ko Tesker shi ne zai sa a zaɓe ka a bar wani. Ka kai da hannunka, ka yi fotokofi a buga maka tambarin karɓa, bayan kwana goma ka koma ka gaishe su. Kalandar jami'o'inmu takan zame, shekara ta hau kan shekara, don haka kar ka yi alkawarin wata uku alhali kana da jarrabawa a watan bakwai, ka faɗi ainihin satittikan da kake da su.

In aikin naka ne na kanka, sai purotokol. Shafi biyar zuwa takwas, me ake tambaya, a ina, su wa za a tambaya su wa ba za a tambaya ba, mutum nawa, ta yaya za a zaɓe su, me za a yi da amsoshin, kwana nawa, kuɗi nawa. Wajen adadin mutanen da za a tambaya kowa yana rubuta 384, wanda yake fitowa daga lissafin Schwartz in ka ɗauka rabin mutane za su ce eh rabi su ce a'a da kuskuren kashi 5 cikin 100, to ka san dalilinsa kafin ka kwafa, kuma ka yi lissafin ƙafarka, in kana iya gida goma a wuni, kwana ashirin gida 200 ke nan, ka gaya ma malam gaskiya ku rage tambayar ko ku ƙara mutum. Yadda za ka zaɓi gidajen ya fi yawansu muhimmanci. In ka tsaya a bakin CSI kana tambayar matan da suka zo, ka tambayi masu zuwa asibiti ne kawai, waɗanda ba sa zuwa, su ne ka fito nema, suna gida. In ka bi gidajen bakin titi ka bar na bayan tabki saboda taɓo, haka nan. Tsohuwar hanyar binciken rigakafi ta rukuni 30 kowanne yara 7, jimla 210, har yanzu tana koya ma mutum tunani, malaminka zai nuna maka yadda ake jefa ƙuri'a.

Sannan izini, kuma ba a tsallake shi. Takardar fakilte zuwa DRSP, daga nan zuwa babban likitan distirik, shi kuma ya haɗa ka da majo, majo ya haɗa ka da rele, rele ya kai ka wajen mai gari ko mai unguwa. Akwai kwamitin ƙasa na ladubban binciken lahiya, CNERS, a Yamai, duk aikin da za a ɗebi jini ko a ba da magani ko ake son bugawa a mujalla sai an bi ta kansa, malaminka ne zai ce maka ko naka ya shiga ciki, kuma amsa tana ɗaukar lokaci, wannan ma yana cikin dalilan da na ce a fara tun watan biyu.

Yanzu takardar tambayoyi. Za ka rubuta ta da Faransanci, amma da Hausa za a yi ta, kuma a tsakanin nan ne bincike da yawa yake lalacewa ba a sani ba. In ku uku ne kuma kowa yana fassarawa a bakin ƙofa yadda ya ga dama, tambaya uku kuka yi ba ɗaya ba. Ku zauna ku rubuta Hausar, kalma da kalma, ku ba wani da bai ga ta farko ba ya mayar da ita Faransanci ku ga ko ta dawo daidai. Zafin jiki da masassara da zazzaɓi ba lalle abu ɗaya suke nufi a bakin kowace uwa ba. In ka ce yaro ya yi zawo, wata za ta ce a'a haƙori ne yake fitarwa, don a wurinta zawon haƙori ba ciwo ba ne, sai ka tambaya sau nawa ya yi kashi mai ruwa jiya. Kar ka ce ai kin ba shi maganin ko, za ta ce eh don kar ta ba ka kunya, ka ce Inna ko zan iya ganin ledar maganin da aka bar maki, ledar za ta faɗi gaskiya, in ƙwayar tana ciki ka gani da idonka, kuma ba faɗa za ka yi ba, ka tambaya a hankali me ya faru. Shekarun yaro ma aiki ne, in ba karne ba takardar haihuwa sai ka yi kalandar gari, an haife shi kafin azumi ko bayan Sallar layya, gero ya fitar da kai ko an yi girbi, da ɗari ne ko da bazara, wa aka haifa tare da shi a unguwa mai karne. Kuma ku tuna kunyar ɗan fari, mace ba za ta faɗi sunansa ba, wata ma in ka ce ƴaƴanki nawa sai ta tsallake shi, ka bar kishiya ko kaka ta faɗa. Tambayar yaran da suka rasu kuwa a bar ta can ƙarshe, a yi ta da tausasawa, a yi ta'aziyya kafin a rubuta.

Ku gwada takardar a gida goma a wata unguwa da ba ta cikin binciken. In ta wuce minti ashirin zuwa talatin ku yanke, mace tana da daka da ɗiban ruwa. Bayan nan ku sa ta a KoboToolbox, tsarin cike fish a waya, kyauta ne, KoboCollect yana aiki a wayar Android ko ba rezo, in an dawo gari a tura. Ku riƙe fawa bank da ƴan fish na takarda cikin leda saboda ruwa da ɗaukewar wuta.

Ranar fita, lokaci shi ne komai. Da damina in ka isa ƙauye ƙarfe tara ba za ka tarar da kowa ba sai tsofaffi da awaki, kowa yana gona, sai ka yi sammako ko ka bari sai bayan azahar, kuma ka san ranar kasuwar garin da ta maƙwabta ka kauce masu, Juma'a ma rabin wuni ce. Sallama a ƙofa, a nemi mai gida, namiji ba ya kutsa kai cikin gidan mutane, shi ya sa ekip mai mace da namiji ta fi tahiya daidai, kuma ku ƙannena mata kar wanda ya ce maku wannan aikin maza ne, ku ake buɗe ma ɗaki, ku ake gaya ma abin da ba za a gaya mana ba. Ku dai tahi biyu biyu, a san inda za ku kwana, a gidan majo ko sajfam ko dangi, kuma a tambayi distirik halin hanya da na tsaro kafin a nufi wuri mai nisa. Kafin tambaya ta farko ka faɗi ko kai wane ne, ɗalibi ne kai ba likita ba, ba rabon kaya ka zo yi ba, ba sunan da zai fita, kuma in ba ta so ba komai, ba abin da zai hana a karɓe ta a asibiti. In ta ce a'a ka yi godiya ka wuce. Mutane sun saba duk wanda ya zo da takarda yana rubuta sunaye to taimako na tahe, in ka bar su da wannan zaton ka ci amanarsu kuma amsoshin ma za su karkace.

Akwai ranar da ba na mantawa, shekarata ta farko a wani ƙauye kudu da nan. Muna cikin tambayar wata mata, yarinyarta tana goye, na ga ƙafafun sun yi sumul kamar na mai ƙiba, uwar ma tana cewa ai ta yi jiki. Abokiyar aikina ta ce a sauko da ita, ta danna babban yatsa a bayan ƙafafun biyu ta ƙirga uku, da ta ɗaga sai ga rami ya zauna bai tashi ba. Kumburin tamowa ne. Ni a lokacin ina duban fish ɗin da ya rage mana, ita kuwa ta rufe nata ta ce aiki ya tsaya, muka nemo mai gidan daga gona, rele ya samo amalanke aka kai ta CSI, daga can aka wuce da ita CRENI, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani. Gida huɗu kawai muka yi ranar. Tun daga nan duk wanda zan fita da shi sai ya haddace wannan, zaren awo in ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, ko kumburi a ƙafa biyu, ko yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ba ya farkawa sosai, a ajiye waya a kai shi. Rawaya, 115 zuwa ƙasa da 125, a rubuta masa takarda zuwa CSI a gaya ma rele ya bi sawu. Kai ba ka ba da magani, amma lambar majo tana cikin wayarka tun kafin ka fito.

Wani abu da zan faɗa da babbar murya, kar ka cike fish a gindin bishiya. Rana za ta yi zafi, gida uku za su rage, zuciya za ta ce ai amsar duk ɗaya ce. Wanda ya ƙirƙiro amsa ya sa ƙarya cikin abin da za a yi shawarar lahiyar yara da shi, kuma masu duba bayanai suna ganewa, Kobo yana rubuta lokacin da aka buɗe fish da lokacin da aka rufe. Ka rubuta ba a samu kowa ba, wannan ma sakamako ne. Haka hoton marar lahiya ko shafin rajista mai sunaye, ba ya hawa status, ba ya shiga gurup ɗin promo. Kowane dare ku zauna ku duba na ranar, yaro ɗan wata 70 ya shigo cikin ƴan CPS, mace ƴar shekara 16 mai haihuwa tara, a gyara tun ana tuna gidan.

Maganar kuɗi gajera ce. Yawancin istaj ba a biya, aikin anketer na ƙungiya shi ake biya da wuni, ka tambaya tun farko a rubuce, nawa ne, yaushe, wa ke biyan mota. In naka ne ka lissafa kabu-kabu, fotokofi, megas, abinci, da ɗan abin da za ka ba rele don ya bar gonarsa ya bi ka, kar ka manta da shi. Wanda aljihunsa bai kai ba ya zaɓi unguwar da zai je da ƙafa ko aikin rajista a asibiti. Ka tahi da sangenka, kai ma sauro bai san ɗalibi ba.

In an dawo sai a zauna da alƙaluma tun kafin rantire ta shanye ka. Excel ya isa farawa, Epi Info da R kyauta ne. Ka fara da ƙirga mai sauƙi, mutum nawa aka tambaya, nawa suka ƙi, kashi nawa suka ce kaza, kafin ka taɓa gwaje-gwajen lissafi. In abin da ya fito ya saɓa ma abin da ka zata, haka za ka rubuta shi, kuma ka faɗi raunin aikin da bakinka, unguwa biyu ce kawai, maganar uwa muka dogara da ita. Rahoto shafi goma ya wadatar. Maganar sunan wa zai hau in za a buga, a yi ta da malam tun kafin a fita daji, cikin ladabi, kuma ku yi hattara da mujallun da ke turo imel suna cewa a biya su buga cikin sati ɗaya.

Saura abu biyu da yara suke mantawa. Ka nemi atestasiyon mai tambari da sa hannu kafin ka bar wurin, da kwanan watan farawa da gamawa da aikin da ka yi, don bayan shekara biyu in kana neman masta ko burs mai sa hannun ƙila an yi masa canjin wuri. Sannan ka buga shafi ɗaya na sakamakon ka koma da shi, kofi ɗaya na babban likitan distirik, ɗaya na majo, ka roƙi rele ya tara maka mai gari da matan da ka shiga gidajensu, bayan la'asar in an dawo daga gona, ka faɗa masu da Hausa abin da aka samu, gida kaza muka shiga, kaza sun ba da maganin kwana ukun, waɗanda ba su ba da ba yawanci ga dalilinsu, sannan ka yi shiru ka buɗe littafinka ka rubuta abin da za su ce.